Karen Maƙwabci a Gidanmu

Mu mutanen Dabai mun saba da wannan: soja zai koma bakin aiki, ko saurayi zai tafi cin rani bayan Uhola, sai ya jawo karensa ya ce, "Baba, a riƙe mini." Mukan karɓa ba shaida. To, mene ne muka ɗora wa kanmu?

Littafin Fitowa, sura 22, ya yi maganar dabbar da aka ba mutum ajiya. In ta mutu ba wanda ya gani, rantsuwa a gaban Ubangiji ce za ta raba gardama. In an sace ta a hannunsa, sai ya biya. Aka kai ga rantsuwa domin dabba ba ta da bakin ba da shaida. Kare ba zai gaya wa ubangidansa ya kwana uku ba abinci ba. Wanda muka sayar wa 'yan fataucin karnuka, muka ce ciwo ya kashe shi, ba zai dawo ya ƙaryata mu ba.

Amma fa a watan Agusta, rumbu ya yi ƙasa, tuwon dawa bai ishi yara ba. Katekizim na 1992 ya hana wahalar da dabba a banza, ya kuma sa bukatar mutum gaba. Yara ne na farko, ba shakka. Sai dai kunyar aika wa mai kare cewa mun kasa ita ke sa mu yi shiru har haƙarƙarinsa su fito. Alhali mai karen yana da waya, ƙanensa kuma yana Zuru.