Shin Laifi Ne Ɗan Kasuwa Ya Rufe Rumfa Ya Huta?



Makon jiya bayan La'asar, a nan barandar masallaci, gardama ta kaure a kan wani ɗan'uwanmu mai kayan gwari a Mile 12. Ba zan faɗi sunansa ba, kuma sai da na kira shi na nemi izini kafin in yi wannan rubutu. Shekara 11 yana sana'ar. Ƙarfe uku na dare yake tashi ya tari motocin tumatir da tattasai da suka kwana a hanya daga Arewa, ba ya komawa ɗaki sai bayan Isha'i, Asabar da Lahadi duk ɗaya. Kwanan baya ya rufe rumfa, ya ce zai je gida ya huta sati uku. Kafin motarsa ta kai Ibadan labari ya zaga kasuwa: wani ya ce ya karye, wani ya ce bashi ya ci ya gudu, wani ya ce sammu ne. Wani dattijo da nake ganin girmansa ya ce, "Mai mutum goma a wuyansa har yana da lokacin gajiya? Mu fa ba hutu ya kawo mu Ikko ba."

Maganar Baba ta tsaya mini a rai, don akwai gaskiya a cikinta. Ciyar da iyali wajibi ne. Kuɗin haya ba ya tsayawa don ka rufe. Matar da ke sayen kwando biyu kullum don gidan abincinta ba za ta jira ka ba, rumfar gaba za ta matsa. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya hau, riba ta ƙanƙance, ga tsofaffi a gida suna jiran aike. Wanda ya bar duk wannan ya kwanta don son jiki, ai ya tauye haƙƙin mutane, babu wata kwana-kwana.

To amma son jiki ne ya kori ɗan'uwan nan? Daren da zai tafi ya zo wurina in zama shaida a kan lissafinsa, ya faɗa mini abin da bai faɗa a kasuwa ba. Ya ce wata huɗu ke nan in ya kwanta barci ba ya zuwa, in ya tsaya sallah kuma gyangyaɗi yake. Sau biyu ya karɓi kuɗi ya manta, ya sake tambaya har aka yi cacar baki. Sana'ar da yake alfahari da ita, yanzu ƙarar mota kawai zai ji gabansa ya faɗi. Abin da ya fi ƙona masa rai, ƙaramar 'yarsa in ta ji sallamarsa sai ta ɓuya bayan uwarta, saboda tsawa. Da aka auna shi a asibiti aka ce jininsa ya hau.

Wannan ba gajiyar da barcin dare ɗaya ke warkarwa ba ce. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayanin irinta, ta ce matsin aiki ne da ya daɗe ba a magance shi ba, ta kawo alamu uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta tsani aikin, aikin kansa ya daina kyau a hannun mutum. Ku duba, duka ukun sun taru a kansa. Kuma mun san inda wasu yaranmu ke faɗawa in suka kai nan: lemon ƙara kuzari, daga nan ƙwaya, don dai jiki ya ci gaba da tafiya.

Kun ga ashe rashin hutun ma yana tauye haƙƙi. Mai saye yana da haƙƙin a yi masa lissafi daidai. Mata da yara suna da haƙƙin sakin fuska, ba kuɗin cefane kaɗai ba. Idan hawan jini ya kai ga shanyewar ɓarin jiki, Allah ya kiyaye, mutum goman nan wa zai riƙe su? Sati uku da shekaru a kwance, wanne ya fi cutar da su?

Malamanmu sun sha karanta mana ƙissar Salmanul Farisi da Abud Darda'i a Sahihul Bukhari. Salman ya tarar ɗan'uwansa ya duƙufa azumin nafila da tsayuwar dare har ya bar kula da matarsa. Ya sa shi ya ci abinci, ya sa shi ya yi barci, ya nuna masa cewa Ubangijinsa da jikinsa da iyalinsa kowa na da haƙƙi a kansa. Da labari ya kai ga Annabi (SAW) ya gaskata Salman. In har nafila ana sassauta ta saboda jiki da iyali, ina ga tumatir? Yau ɗin nan ma, Suratul Jumu'a ta umarce mu mu bar ciniki in an kira sallah, mu koma nema bayan an idar. Duk mako ana koya mana cewa arziki ba ya gudu don an rufe rumfa. Wanda zuciyarsa ke gaya masa in ya ɗaga ƙafa kwana ɗaya komai zai rushe, ya binciki tawakkalinsa. Da kaina nake, don ni ma ina da wannan ciwo.

Mu tuna Maris ɗin 2016 da gwamnatin Legas ta rufe Mile 12 bayan rikici, da kullen korona da ya fara ranar 30 ga Maris ɗin 2020. An yi asara, wasu ba su farfaɗo ba, ba zan ɓoye ba. Amma wancan rufewar dole ce, ta zo ba shiri. Ciwo ma haka yake rufe wa mutum rumfa, ba ya sallama. Wanda ka tsara da kanka, kana da ikon rage asararsa.

Don haka amsata ita ce hutun ba laifi ba ne, in an cika sharuɗɗansa. Ga yadda ɗan'uwanmu ya yi. Ya sayar da kayan da ke hannunsa bai sari sabo ba. Ya biya dillalinsa abin da ya samu, sauran aka rubuta da ranar biya, a gaban shaidu biyu. Ya bar wa iyali abincin wata. Ya sallami yaron rumfarsa da kuɗin sati ukun, don kada hutun maigida ya zama yunwar yaro. Ya yanka ranar dawowa. Wanda ya kashe waya ya ɓace da kuɗin mutane, wannan sunansa cin amana, kada wani ya fake da rubutun nan. Wanda kuma ba shi da halin sati uku, ya fara da yini ɗaya a mako, ko ya riƙa rufewa da Magariba, ya je a auna jininsa.

Saura namu laifin. Da yawa sun san suna buƙatar hutu, bakin mutane suke tsoro. Iyayenmu da suka kafa zango a Agege da Sabon Ibadan ba da jari kaɗai suka tsaya ba, da riƙon juna suka tsaya: baƙo ya sauka wurin maigida, mai tafiya ya bar amanarsa hannun maƙwabci. Me zai hana maƙwabcin rumfa ya riƙe wa ɗan'uwansa masu saye biyu ko uku, in ya dawo ya mayar masa? Yau shi ne, gobe kai ne. Mata kuma, in kun ga maigida ya daina barci ya yawaita faɗa, ku sanar da wani babba da yake jin maganarsa. Ku ma masu sana'a a gida, ga tuya ga raino, wannan magana ta shafe ku.

Ranar Litinin in sha Allah zai dawo. Wataƙila ya tarar wasu masu sayensa sun tafi, ya san da haka tun kafin ya hau mota. Roƙona, wanda ya ce ya karye ko ya gudu da bashi, ya je ya nemi yafiyarsa, don ni shaida ne ba haka ba ne. Sauranmu mu yi masa sannu da zuwa, mu tambayi mutanen gida, ban da zolaya.

Allah ya ba mu lafiya da halal mai albarka, ya kai mu Juma'a ta gaba.

Sakataren Masallaci