Tutar Aro a Fagen Yaƙin Da

Mu masu rubuta manhajar kwamfuta mun san yadda tuta take shiga wasan bidiyo. Ɗan hoto ne da ake liƙa wa runduna domin mai wasa ya gane nasa da na abokan gaba cikin ƙiftawar ido. Shi ya sa hannu yake saurin kai wa ga tutar da kowa ya riga ya sani. To, wannan sauƙaƙawa ce ko ƙarya?

Mu ɗauki Faransa. Tutarta mai shuɗi da fari da ja an tabbatar da ita ne a 1794, bayan juyin juya hali. Lokacin da Joan ta Arc take yaƙi a 1429, tutar sarki shuɗiya ce mai furanni ruwan zinare. Kuma mutanen Burgundy, masu jin Faransanci irinta, su suka kama ta a 1430 suka sayar wa Ingilishi. Idan muka kafa tutar Faransa ta yau a gefe guda, ta Ingila a ɗaya gefen, mun shafe wannan labarin gaba ɗaya.

Haka ake yi wa rundunonin Musulmi. Jinjirin wata da tauraro da ake yawan ɗora wa sojojin Salahuddin, daular Usmaniyya ce ta mayar da shi tutar ƙasa a 1844. Tutocin Salahuddin rawaya ne, na Abbasiyawa kuwa baƙaƙe.

A wancan zamani tuta ta mutum ce, ta sarki ko ta shugaban yaƙi. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin ko a jihadin da aka fara a 1804, hannun mutum Shehu Usmanu ya danƙa wa tuta, irin su Modibbo Adama da Yakubun Bauchi da Buba Yero.

Wani zai ce ai wasa ne kawai. Gaskiya ne, amma yaro yakan yi sa'o'i ɗari a cikin wasa bai buɗe littafin tarihi ko sau ɗaya ba. Abin da tutar aro take koya masa shi ne ƙasashen yau da gabarsu tun fil azal suke, har ya ɗauki rigimar sarakunan da suka mutu shekaru ɗari takwas da suka wuce a matsayin gadonsa.

A ganinmu sauƙaƙawa halas ce muddin ba ta yi shigar tarihi ba. Age of Empires II, wanda ya fito a 1999, yana bambanta 'yan wasa da launi: wannan shuɗi, wancan ja. Babu mai ɗaukar haka a matsayin hujja. Inda tarihi ya adana tuta, mu sa ta. Inda muka ƙirƙira, mu rubuta a jikin wasan cewa ƙirƙira ce. Layi ɗaya ne a manhaja, ba ya cin minti biyar.