Kayan Ɗakin Inna: Tarkace Ne Ko Haƙƙin Magada?



Shekara biyu da rasuwar Inna, magada suka yarda a sayar da gidanta na Sabon Garin Gusau, don mu tara ne, gidan ba zai yanku ba. Dillali ya ce mai saye ba zai ko leƙo ba sai an kwashe kaya. Aikin ya faɗo kanmu mu mata, kamar kullum.

Ɗaki uku muka buɗe. Langa da samira jere har rufi, wasu da takardar kanti a jiki. Turamen atamfa cikin adaka, gara ta cinye tsakiyarsu. Buhun gero biyu sun koma gari. Cikin gwangwanin madara muka tarar da takardun naira na kafin canjin kuɗin 1984, ɗaure da zare. Yau ko ashana ba za su saya ba. Yayata da ke aure a Tsafe tana sauri ta kama hanya da sauran rana, ta ce, "A kira 'yan gwangwan su kwashe, masu kyaun a yi wa Inna sadaka."

Gwaggo ta ce, "Sadaka da kayan wa, ɗiyata?"

Gaskiyarta. Da zarar rai ya fita, ko cokali ya tashi daga hannun mamaci. A fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a cika wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, saura na magada ne, kamar yadda Suratun Nisa'i ta tsara. Ga shi ƙanenmu ya rasu bayan Inna, rabonsa ya koma kan iyalinsa a Bungudu, ciki har da yara uku. Babba yana iya yafe nasa. Wa ke da ikon yafe na maraya? Sannan ba duka ne na Inna ba. Mata na kawo mata ajiya, kuma ba ta rubutu.

Ban ce Inna marowaciya ba ce. Wadda ta ga farin 1973 ba ta yar da ƙwarya don ta tsage. Amma, Allah Ya gafarta mata, raina ya sosu. 'Yan mata nawa aka ɗaga bikinsu a unguwar nan don rashin kayan ɗaki, kwanoni na tsatsa a bayan bango? Tana raye, da hannu ɗaya za ta miƙa, ladar ta zama tata. Yanzu sai an nemi yardar kowa, an kirawo malami ya ƙiyasta farashi.

Mako uku muka yi muna warewa. Gwaggo ta gane masu ƙunshi huɗu, aka kai musu. Wata tsohuwa ta rungume nata tana kuka. Na biyar, zane biyu da warwaron azurfa, har yau ba mai shi. An sayar da gidan, ƙunshin yana saman durowata.