Iska da Mai Kayan Kara

Masu iya magana sun ce faɗuwar wani tashin wani. To, amma shin ya halatta mutum ya tashi a kan faɗuwar da guguwa ta yi wa ɗan'uwansa?

A watan Agusta na 2005 mahaukaciyar guguwar Katrina ta afka wa gaɓar Tekun Meziko a kudancin Amurka, yankin da rijiyoyin mai da matatu suka yi yawa. Aka rufe akasarin rijiyoyin cikin tekun, matatu da dama suka tsaya cik, galan na fetur ya haura dala 3. Wani ɓangare na wannan tsada yana da hujja, domin kaya sun yi ƙaranci alhali buƙata ba ta ragu ba. Sai dai mai gidan man da ya sayi kayansa a tsohon farashi, ya hango jerin motocin masu gudun ceton rai, sannan ya ninka kuɗi, tsoron jama'a yake ci. Saboda irinsa ne jihohi kamar Fulorida da Luwiziyana suka haramta tsawwala farashi a lokacin ta-ɓaci.

Lamarin inshora ya fi wuyar yanke wa hukunci. Asalinta taimakon juna ne, kowa ya zuba kaɗan domin a tallafi wanda masifa ta faɗa wa. Da guguwar Andrew ta ragargaza kudancin Fulorida a 1992, diyyar da aka biya ta kai kimanin dala biliyan 15, kamfanoni da yawa suka durƙushe. Waɗanda suka tsira suka ƙara kuɗin zubi, wasu suka janye daga gaɓar teku. Ba a ce kamfani ya sayar da kariya a kan asara ba. Amma mai hali zai biya ko ya ƙaura tudu, talaka kuwa sai ya saki inshorar, ya zauna cikin gidansa yana jiran guguwa ta gaba.

A nan ne nake ganin alhakin ya rataya a wuyanmu. Guguwa ba ta san attajiri ko matalauci ba, ɗan Adam ne ke raba asarar bayan ta lafa. Ribar da ta biya kuɗin kaya da haɗarin da aka ɗauka halas ce; wadda aka tatsa daga rashin mafitar mai saye zalunci ce. Haƙƙin hukuma ne ta bambance su, ta kuma tallafa wa mai kayan kara, tun da shi iska ta fi wahalarwa.