Shin Ya Halatta a Koyi Aiki a Kan 'Ya'yan Mutane?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a watan Satumba, lokacin da damina ke ban kwana, ake buɗe sabuwar shekarar karatu. A Yako da sauran garuruwan Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa, yaran da suka gama firamare sukan shiga ajin farko na ƙaramar sakandare, wadda aka fara a 1982 bisa tsarin 6-3-3-4. A tsakanin nan ne kwalejojin horon malamai ke turo ɗalibansu masu neman shaidar NCE, don su gwada koyarwa. Sai ga baƙo a gaban baƙi: yaro bai san makarantar ba, malami bai san aikin ba. To, ya halatta a koyi sana'a a kan 'ya'yan mutane?

Masu ƙin abin suna da hujja. Yaro amana ne, shekarar da ta kuɓuce masa kuwa ba ta dawowa. In aka karkata masa harsashin lissafi ko na Larabci a ajin farko, da wuya ya miƙe. An kuma ruwaito cewa Imamu Malik bai zauna ba da fatawa ba sai da malamai saba'in suka shaide shi.

Amma fa da koyo akan iya, wanzami kuwa ba ya ƙwarewa sai ya taɓa kai. Buhari ya ruwaito cewa Malik ɗan Huwairis da 'yan'uwansa samari sun yi kwana ashirin wurin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, sa'an nan ya umurce su su koma su koyar da mutanensu. Ba su ƙure ilmi ba, amma abin da aka aike su da shi sun gan shi da idonsu, sun kiyaye. Haka a tsangaya, gardi ne ke biya wa kolo, alaramma na zaune yana saurare, in an yi tuntuɓe ya gyara.

Daga nan hukunci ya fito: abin ya halatta, har ma ya zama dole, amma da sharuɗɗa uku. Na farko, ɗalibin kada ya koyar sai abin da ya sani, ya yi bitarsa tun da dare. Na biyu, in an tambaye shi abin da ya shige masa duhu, ya ce sai ya bincika, kada kunyar yara ta sa ya ƙaga amsa. Na uku, ya kasance akwai babba a bayansa.

Wannan na ukun shi ne aka fi tozartawa. Malamin da ya ga ɗan koyo ya zo, ya miƙa masa alli da rajista ya tafi gona ko kasuwa, ya ci amana biyu, ta yara da ta baƙonsa, albashin kwanakin nan kuwa akwai tambaya a kansa. Haka mai duba aiki da ya ba da maki bai leƙa aji ba, shaidar zur ya yi. Ƙasar nan ta ɗanɗana wannan a 1976, da aka buɗe ilmin firamare kyauta: yara suka yi yawa, aka cika azuzuwa da malaman da aka horar a gurguje, babu isassun masu duba su.

Iyaye ma da nasu. Kada kakar masara da shinkafa ta cinye wa yaro makonnin farko. Mutanen gari kuma su saukar da ɗan koyo saukar baƙo, gama mai yiwuwa shi ne zai karantar da jikokinsu.

Allah Ya ba kowa ikon sauke amanar da ya ɗauka, amin.