Ruwan Da Ke Kashe Shuka

A ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan, yaro yakan tashi da sanin cewa shuka abar ba wa ce. Rake mashayin ruwa ne, gwargwadon abin da ya sha gwargwadon kaurin da zai yi kafin ya je injin mazarƙwaila. Masara ba ta yafe wa wanda ya hana ta taki. Tumatirin rani kuwa, kwana biyu ka yi sake da ban-ruwa sai ka tarar ya langaɓe. Shi ya sa a wurinmu kulawa da bayarwa suka zama kamar Hassan da Hussaini: mai kula shi ne mai zubawa, wanda ya fi zubawa shi ya fi kula. Wannan fahimta ta ciyar da gidaje masu yawa. Sai dai akwai wata 'yar shuka a dajin Arewa da ba ta yarda da ita ba, kuma tambayar da take jefo mana ta wuce maganar lambu: idan muka ce muna kula da wani, buƙatar wa muke biya, tasa ko tamu?

Sunan danginta okid. Dangi ne babba, nau'insa ya kai kusan 28,000 a duniya. Galibin na ƙasashe masu zafi a jikin itatuwa suke maƙalewa, amma akwai waɗanda ke tsirowa a ƙasa kamar albasa. Daga cikinsu akwai Eulophia cristata, wadda ake samu a dazuzzuka masu ciyawa tun daga Senegal har Habasha. Ɗabi'arta abin mamaki ce. Duk tsawon rani ba ka ganin komai nata a sarari, tana kwance cikin ƙasa a wani ƙullutu mai kama da gwaza. Sai bazara ta yi nisa, ƙasa ta ƙone, ana jiran ruwan fari, sannan ta turo kara ɗaya ba ganye, ta jera furanni shunayya a kansa. Ganyen sai daga baya, idan damina ta zauna.

Wanda ke son renon irin wannan a gida ba ya buƙatar kayan Turai. Ya sami tukunya ko kasko mai huda a gindi. Ya haɗa yashi mai tsakuwa da ruɓaɓɓen ganye da ɗan farfasasshen gawayi, ta yadda in an zuba ruwa zai wuce, ba zai kwanta ba. Ya ajiye ta inda hantsi zai same ta amma rana tsaka ba za ta dafa ta ba. Da damina, lokacin da take da ganye, a ba ta ruwa idan saman ƙasar ya bushe, taki kuwa ɗan kaɗan, a tsarma shi sosai. Duk wannan mai sauƙi ne. Wuyar tana zuwa ne da kaka, sa'ad da ganyen ya yi rawaya ya zube, tukunya ta koma kamar ba komai a ciki. Daga nan sai a ɗauke hannu, wata da watanni, har ranar da sabon tsiro ya leƙo da kansa.

A nan ne ake yawan yin asararta. Mai ita yakan dubi busasshiyar tukunya hankalinsa ya tashi, ya ga kamar ya yi laifi. Sai ya ɗauko buta. Gobe ya ƙara, jibi ya sa taki. Ƙullutun da ke barci ba shi da ganyen da zai ja ruwan, don haka ruwan yakan kwanta a jikinsa har ya ruɓe. Mutumin nan bai yi mugunta ba, bai yi kasala ba. Hasali ma ya fi kowa wahala a kan shukar. Amma ruwan da ya zuba, damuwarsa ya shayar da shi. Hausawa sun ce so so ne, amma son kai ya fi, kuma mafi wuyar ganewa a cikin son kai shi ne wanda ya sa rigar alheri.

Akwai wani sirrin kuma. Irin okid ƙanana ne kamar ƙura, kwanso ɗaya kan ɗauki dubbai, kuma babu guzurin abinci a cikinsu irin wanda ƙwayar masara ko gyaɗa ke ɗauke da shi. A 1899 wani masani ɗan Faransa, Nowel Barnar, ya gano cewa irin ba ya tsirowa a daji sai wata funfuna ta cikin ƙasa, 'yar uwar naman kaza, ta shige shi ta ciyar da shi. Ashe furen da ido ke gani rabin labari ne. Sauran rabin yana cikin ƙasar da ya tsiro, da ƙwarin da ke masa barbara, da ranin da ke sa shi barci. Wanda ya ga furen a daji ya sa fartanya ya tono ya kai gida, mai yiwuwa ƙullutun ya rayu a tukunya, amma ya raba shi da wurin da zai iya barin baya. Dajin ya rasa uwa, gidan bai sami zuriya ba.

Mu ɗauki wannan mu auna da mutane. Ɗa ya samu, ya yi gida a Kaduna ko Abuja, ya ce ba zai bar mahaifiyarsa a ƙauye cikin wahala ba. Ya ɗauko ta, ya ba ta ɗaki mai na'urar sanyi, da mai aiki, da abinci sau uku. Bayan 'yan watanni tsohuwa ta fara ramewa, likita ya auna bai ga ciwo ba. Abin da ke riƙe da ita tun da can ba a sa shi a mota ba: maƙwabciyar da suke gaisawa ta kan katanga, jikokin unguwa da ake aiko mata, akuyar da take ba dusa, gidan suna da gidan gaisuwa da ba a yi sai da ita. Ɗan ya lissafa abin da ta rasa a ƙauye, bai lissafa abin da ke raya ta ba, domin shi ba a ganinsa. Haka uban da ba ya barin ɗansa ya kasa ko sau ɗaya, kowace matsala ya tare ta da kuɗi, har yaro ya girma bai san nauyin kansa ba. Haka wanda ke bin mai makoki da nasiha alhali shiru yake buƙata.

Wani zai ce wannan magana mafaka ce ga malalaci. Ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a ƙasar nan ba yawan kulawa ke damun yara da tsofaffi ba, ƙarancinta ne. Wannan gaskiya ce, ba a kauce mata. Sanannen hadisin matar da ta tsare kyanwa ya nuna laifi biyu a haɗe: ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba. Wanda ya sa abu a tukunyarsa ya ɗauki amana, ba shi da ikon cewa Allah ya raya. Wani lokacin ma sai hannu ya shiga. Vanila, wadda ake sa wa kek da askirim, ita ma okid ce, asalinta daga Meziko. Da aka kai ta tsibirin Riyuniyon ta yi ta fure ba ta 'ya'ya, saboda babu ƙwaron da ke mata barbara a can. A 1841 wani yaro bawa ɗan shekara 12, Edmon Albiyus, ya gano yadda ake haɗa sassan furen da ɗan tsinke, kuma har yau da dabararsa ake noman vanila. Abin lura shi ne girman taimakon: tsinke ɗaya, a daidai wuri, a safiyar da furen ya buɗe.

Saboda haka bambancin sakaci da kamewa ba a hannu yake ba, a ido yake. Daga nesa su biyun kama ɗaya suke, duk ba su zuba ruwa ba. Amma mai sakaci ya manta inda tukunyar take. Mai kamewa kullum yana wucewa ta wurin, yana duba ko gara ta shiga, ko akuya ta tona, ko tsiro ya fito. Shi ya fi shan wuya, don yana da ruwan a hannu, yana da son zubawa, ya hana kansa. Bayarwa tana da lada a bainar jama'a, kowa zai ce wane yana ƙoƙari. Jira kuwa babu mai yaba maka, wataƙila ma a zarge ka.

In son abu ya yi yawa ba tare da wannan ido ba, yakan cinye abin da ake so. A Zambiya ana yin wani abinci da ake kira cikanda, da dakakken ƙullutun okid na ƙasa da gyaɗa. Da kasuwarsa ta buɗe a birane, haƙa ta tsananta har aka tsallaka kudancin Tanzaniya nema. A 2005 Tanzaniya ta mai da tudun Kitulo gandun ƙasa, musamman don kare furanninsa. Alhali tun 1922 Luwis Nudsin na jami'ar Konel a Amurka ya nuna ana iya tsirar da irin okid cikin kwalba da abinci mai sukari, ba sai an taɓa na daji ba. Hanyar tana nan, sai dai tana cin shekaru kafin a ga fure, fartanya kuwa minti biyar ce.

A yankinmu barazanar ta fi shiru. Saura ta yi ƙaranci, gona ta haɗe da gona, maganin feshi kuma ba ya tambayar sunan ciyawa. Manomin da ya ga kara mai fure shunayya a kan iyaka ya ɗaga bututun feshinsa ya wuce, ya yi mata abin da mai tukunya goma bai yi ba, ko da bai san sunanta ba. Wanda kuma yake da ita a gida, ko yake da tsohuwa, ko ɗa, ko aboki da ya shiga nasa ranin, kafin ya ɗauki buta ya tsaya ya dubi ƙasar. In tsiro ya leƙo, ya zuba ba tare da rowa ba. In bai leƙo ba, ya ajiye butar kusa, ya dawo gobe ya sake dubawa.