Yaron da ba ya waiwayowa: nasiha ga 'yan'uwan zawiyoyin Kara-Kara

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, unguwar Kara-Kara ta Damagaram ta san ɗacin wariya, domin asalinta wurin da aka tsugunar da kutare ne, nesa da idon mutanen Birni. Jikokinsu har yau suna fama da tabon sunan, kamar yadda fim ɗin Aicha Macky na 2021 ya nuna wa duniya. Abin kunya ne ainun a ce a nan ma ana kulle yaro a ɗaki don Allah ya halicce shi daban.

Lalurar ita ce galahanga, wadda likita Leo Kanner ya siffanta a Amurka a 1943. Yaron ba ya haɗa ido, a kira sunansa bai waiwayo ba alhali kunnensa lafiya lau. Maganarsa takan yi jinkiri, ko ya riƙa maimaita abin da aka faɗa masa. Ƙarar kabu-kabu ko lasifika kan sa ya toshe kunnuwa yana kuka. Ba aljanu ba ne, ba sammun kishiya ba ne, ba kuma ɗan ruwa ba ne. Ƙwaƙwalwarsa ce ta taso da tsarinta. Addu'a tana da kyau, rubutun sha ma al'adar bayin Allah ce. Amma duka da ɗauri da hayaƙin barkono da sunan ruƙiya zalunci ne, kuma a kai shi likita ya fi a kai shi gidan boka.

Mafi yawan nauyin a kan uwa yake. Ita ce ba ta barci, ita ce ba ta zuwa biki. Idan ta fita neman ruwa, wanda kowa ya san wahalarsa a Damagaram, zuciyarta na gida, kada ya sulale ya nufi ramukan masu fasa dutse. Ta dawo kuma ta tarar da gorin dangin miji, wai daga jininta ne. Uban da ke zuba jan carbi a zawiyya amma bai taɓa ɗauke mata yaron ko awa 1 ba, sai ya binciki tarbiyyarsa.

Ranar da wannan yaro ya ce "Inna" bayan shekaru na shiru, ko ya kamo hannunta ya ɗora a kansa, wannan uwa takan ɗanɗani wata godiya da mai 'ya'ya 10 masu surutu bai san da ita ba.

Suratu Abasa ta sauka ne a kan makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum. Sayyidina Anas ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) yakan gajarta salla idan ya ji kukan yaro, don tausayin uwarsa. To ina hujjar mai hararar uban da ɗansa ya yi ƙara a sahu?

Abin lura, irin waɗannan yara suna samun natsuwa da abin da ba ya canzawa. Wazifa kuwa haka take kullum: istigfari 30, Salatul Fatihi 50, hailala 100, Jauharatul Kamali 12, lokaci ɗaya, wuri ɗaya. Muƙaddami ya ware masa gurbi a gefe, kusa da ƙofa, nesa da lasifika. Idan yana jijjiga jiki a ƙyale shi. Idan zikirin Juma'a ya ɗau zafi, muryoyi suka yi masa yawa, wani ɗan'uwa ya fita da shi inuwa, ya bar uban ya ƙarasa hailalarsa.